Waiwaye: Wa Ya Saya, Me Ya Bari a Ƙasa?

Duk wanda ya yi wayo a ƙasar Damagaram kafin 1990 ya san zamanin Fijo. Ita ce motar manyan ma'aikata, ita ce ta alhazan Birni da Zango, ita ce kuma ke jigilar ƴan kasuwa zuwa Kano, ko ta Matamaye ko ta Magarya. Mu mutanen Hamdara da sauran ƙauyukan gundumar Mirya mun fi sanin mai buɗaɗɗen baya, 404 da 504, wadda ake loda wa buhunan gero da awaki da mutane ranar kasuwa har ta durƙusa, kuma a haka za ta kai. Wasu daga cikin waɗannan motoci ba daga Faransa suka taso ba. A Kaduna aka haɗa su, a unguwar Kakuri, a masana'antar PAN wadda gwamnatin Najeriya da kamfanin Peugeot suka kafa a 1972, Janar Yakubu Gowon ya buɗe ta a 1975.

Yadda aka tafiyar da wannan masana'anta ya isa a tsaya a kansa. Jiragen sama na dakon kaya ne ke tasowa daga birnin Liyon cike da sassan mota, su sauka a Kano, a kwashe a manyan motoci zuwa Kaduna, a ɗaure. A farkon shekarun 1980 motocin da ke fitowa daga Kakuri sun haura 50,000 a shekara. Dubban magidanta sun ci abinci a wurin. Amma injin na Faransa ne, zanen na Faransa ne, sunan ma na Faransa ne. Abin da ke na Kaduna shi ne fili da rumfa da hannun ma'aikata, sai ƴan kayan da ake yi a gida irin su batir da taya da kujeru. Da farashin man fetur ya faɗi, gwamnatin Babangida ta kawo tsarin tsuke bakin aljihu a 1986, naira ta karye, sai kowane ƙarfe da ke zuwa daga Liyon ya ninka kuɗi. Malamin makarantar da a da yake iya karɓar bashin mota ya fitar da sabuwa dal, ya koma neman ta hannu.

A nan mu ma ƴan Nijar muna da namu hannun a ciki, kuma ba laifi a faɗa. Tsofaffin motocin Turai da ake saukewa a Kwatano, ta Gaya da yawansu ke shigowa, su bi ta Birnin Ƙonni da Maraɗi da Damagaram, su sulale cikin Najeriya. Baitulmalinmu ya ci kuɗin fito, direbobinmu da ƴan kamasho sun samu na cefane, Kakuri kuwa tana ta ramewa.

A ƙarshen 2006, zamanin Obasanjo, gwamnati ta sayar da kasonta mafi rinjaye ga kamfanin ASD Motors na wani attajirin Kaduna. An yi murna a Arewa, ana cewa abu ya zo gida. Shekara shida bayan nan, a 2012, bashi ya ci kamfanin, hukumar AMCON mai karɓar rubabbun basussukan bankuna ta ƙwace shi. Ɗan gida ne ya saya, kuma hakan bai hana komai ba, domin abin da ya saya ba shi da saiwa a ƙasar.

Shi ya sa nake mamakin yadda muhawara kan sayar da kamfanin mota ke tsayawa a kan fasfo ɗin mai saye. Ingila ta yi irin wannan kuskuren lissafi, kuma ta biya da tsada. Kamfanin Rover, wanda masana'antarsa ta Longbridge ke gefen birnin Bamingam tun 1905, ya shiga hannun BMW na Jamus a 1994. Jamusawa suka zuba kuɗi, suka gaji da asara, a 2000 suka ware Mini suka riƙe, suka sayar wa Ford da Land Rover, sauran kuma suka miƙa wa wasu Turawan Ingila huɗu a kan fam 10. Fam goma, ba kuskuren bugu ba ne. Jaridu suka yi ta yabon ƴan ƙasa da suka ceci kamfanin ƙasa. A watan Afrilu na 2005 MG Rover ya rushe, mutum kusan 6,000 suka rasa aiki a lokaci guda, ban da na ƙananan masana'antun da ke yi masa sassa. Binciken da gwamnati ta sa aka yi ya nuna cewa mutanen nan sun biya kansu miliyoyin fam yayin da kamfanin ke nutsewa.

Gawar ce kamfanin Nanjing na ƙasar Sin ya saya a kan fam miliyan 53. Suka kwance injuna suka loda a jiragen ruwa, suka tafi da su tare da sunan MG. An ɗan ci gaba da haɗa motoci kaɗan a Longbridge don a ce ana yi, har 2016 aka daina. Yau MG na kamfanin SAIC na Sin ne, a Sin ake ƙera mafi yawansu, kuma suna sayuwa a Ingila kamar me. Bature na sayen sunan kakanninsa, albashin kuwa ana biyan sa a wata nahiya.

In ka kai saniya kasuwa, mai kiwo zai taya, mahauci ma zai taya, kuma kuɗinsu kala ɗaya ne. Bambancin yana ga abin da kowannensu ya zo nema. Nanjing ya zo neman suna da injuna. Da Ford ta shiga matsin 2008 ta fara sayar da kayanta na Turai, masu sayen da suka zo wani abu daban suke nema.

Tata na Indiya ya sayi Jaguar da Land Rover a 2008 a kan dala biliyan 2.3. Geely na Sin, kamfanin da Li Shufu ya fara da ƙera kayan firiji kafin ya kai ga babura da motoci, ya sayi Volvo a 2010 a kan dala biliyan 1.8, alhali Ford ta saye shi a 1999 a kan biliyan 6.45. A Suwidin an yi ta fargaba, ana cewa za a kwashe masana'anta a kai Sin. Ba a kwashe ba. Geely ya gane cewa darajar Volvo tana cikin kawunan injiniyoyin Gotenbag, kuma kai ba ya shiga kwantena. Sai ya bar hedkwata da ɗakunan zane inda suke, ya zuba kuɗi aka yi sabbin motoci, ya buɗe musu kasuwar Sin, shi kuma ya tura yaransa suna koyo. Cikin shekara goma cinikin Volvo ya kusa ninkawa. Tata ma haka: ya riƙe masana'antun Solihull da Halewood, ya ƙara gina ta injuna kusa da Wolverhampton a 2014, ma'aikata suka ƙaru.

Ba cewa nake ciniki ne marar aibi ba. Riba tana tafiya Mumbai da Hangzhou, kuma ranar da aka ga ya fi araha a ƙera Discovery a Sulobakiya, daga 2018 can aka mayar da ita, ba a nemi izinin mutanen Solihull ba. Saab kuma, takwarar Volvo a Suwidin, General Motors ta sayar da ita a 2010 ga Spyker, wani ƙaramin kamfanin Holan da aljihunsa bai kai burinsa ba. A Disamba 2011 ta mutu.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne yadda Faransa ta yi da ranar ta zo kan ita Fijo ɗin kanta. A 2012 kamfanin PSA mai ƙera Fijo ya yi asarar Yuro biliyan 5, ya sanar da rufe masana'antarsa ta Aulnay kusa da Paris. A 2014 aka kira Dongfeng na Sin ya sa Yuro miliyan 800 ya karɓi kashi 14 cikin 100. Amma gwamnatin Faransa ta sa daidai wannan kuɗi ta karɓi daidai wannan kaso, aka rage na iyalan Peugeot ya dawo daidai da nasu. Baƙo ya shigo da kuɗinsa, an ba shi tabarma, ba a ba shi makullin ɗaki ba. Ƙasar da masananta suka sha yi mana wa'azin cewa gwamnati ta cire hannu daga kasuwanci, da abin ya zo gidanta hannu biyu ta sa.

Mu a Nijar ba mu taɓa mallakar kamfanin mota ba, amma mun sayar da abin da muke da shi, kuma a irin wannan yanayi na matsi, bayan an karya darajar sefa da rabi a Janairu 1994. A 2001 aka sayar da kashi 51 na kamfanin wayar tarho na ƙasa, SONITEL, ga haɗin gwiwar ZTE na Sin da LAAICO na Libiya, bisa alkawarin za su shimfiɗa layuka su sabunta kayan aiki. Shekarun nan su ne daidai lokacin da salula ta mamaye ƙasa, har makiyayi a daji ya mallaki tasa, amma wasu kamfanoni ne suka kwashi kasuwar. A 2009 gwamnati ta ce ba a cika alkawari ba ta karɓe ragama, a 2012 majalisa ta mayar da kamfanin hannun ƙasa, a 2016 aka haɗe shi da SahelCom ya zama Niger Telecom. Shekara kusan goma ta tafi a lokacin da ba a iya mayar da ita.

Wani lokaci in na wuce ta gindin abin da ya rage na ganuwar Birni, nakan tuna cewa a zamanin Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, a cikin garin nan ake zuba igwa ana haɗa albarushi. Ko da wane ne ya fara kawo dabarar, ta zauna a hannun maƙeran gari. Jikokinsu na nan a garejin bakin tasha, suna sauke injin Toyota su ɗaure shi ba tare da sun taɓa ganin takardar da aka zana shi ba. Hannu muna da shi. Takardar ce ba a taɓa sawa cikin sharuɗɗan ciniki ba.

Matatar SORAZ da ke kan hanyar Tanut ba kamfani ne da ya durƙushe aka sayar ba, sabo aka gina shi, amma tambayar ɗaya ce. An buɗe ta a Nuwamba 2011, tana iya tace ganga 20,000 a rana na ɗanyen man Agadem, kamfanin CNPC na Sin na da kashi 60, Nijar na da 40. A watan Maris na 2025 gwamnati ta umarci manyan shugabannin Sinawa uku na kamfanonin mai, har da na SORAZ, su bar ƙasar, kuma cikin dalilan da aka bayar akwai tazarar albashi tsakanin ma'aikatan gida da baƙi. Albashi magana ce babba, ba na raina ta. Amma abin da nake so in ji daga bakin wakilanmu shi ne wannan: bayan duk waɗannan shekaru, in injin matatar ya tsaya da tsakar dare, ƴan Nijar nawa ne za su iya tayar da shi ba tare da an buga waya Beijin ba?