Kundin farko na Tems: wa ke da ikon raɗa wa waƙar Afirka suna?

Ranar 7 ga Yunin 2024 ne mawaƙiyar Najeriya Temilade Openiyi, wadda duniya ta sani da Tems, ta fitar da kundin waƙoƙinta na farko mai suna “Born in the Wild”, waƙoƙi 18 a ƙarƙashin kamfanin RCA na Amurka. Abin mamaki shi ne yadda ta daɗe kafin ta fitar da shi. Tun 2020 muryarta ta karaɗe duniya a waƙar “Essence” ta Wizkid, a 2023 kuma ta samu lambar Grammy albarkacin waƙar da ta yi da Future da Drake. Ita ce ma ɗaya daga cikin waɗanda suka rubuta wa Rihanna “Lift Me Up”. Wato ta yi suna ne a gidajen wasu, kafin ta gina nata.

Duk wanda ya saurari kundin da natsuwa zai ji cewa R&B ne ginshiƙinsa, salon da baƙaƙen fatar Amurka suka ƙirƙiro: kiɗa mai sanyi, murya a gaba, zance kan soyayya da raunin zuciya da imani. Akwai gangar Legas a ciki, akwai Asake, akwai hannun GuiltyBeatz na Ghana wajen haɗa kiɗa, amma Tems ba mai waƙar rawa ba ce. Ni dai a ganina kundin ya ɗan yi tsawo, da an rage waƙa uku ko huɗu da ya fi armashi.

Sai ga bikin Grammy na Fabrairun 2025 ya fito da matsalar fili. An saka kundin a rukunin “waƙoƙin duniya”, inda ake tara kusan duk abin da bai fito daga Turai ko Amurka ba. A can ma bai ci ba. Matt B, Ba'amurke ɗan Chicago, shi ya tafi da kyautar. Waƙarta “Burning” ta shiga takarar waƙar R&B mafi kyau, SZA ta lashe. Inda Tems ta yi nasara shi ne rukunin waƙar Afirka, da “Love Me JeJe”, wadda ta ɗora a kan tsohuwar waƙar Seyi Sodimu ta shekarun 1990.

Ba wanda zai raina wannan kyauta. Sai dai rukunin Afirka sabo ne, a 2024 aka fara ba da shi, kuma yana iya zama ɗakin baƙi: a karɓe ka hannu bibbiyu, amma ba za ka shiga tsakar gida ba. Tyla ta Afirka ta Kudu, wadda ta fara cin rukunin, ta koka a bikin MTV na 2024 kan yadda ake kiran duk mawaƙin Afirka ɗan afrobeats, alhali ita amapiano take wakilta.

Maganar ba ta suna kaɗai ba ce, ta kuɗi ce. Rukunin da aka jefa mawaƙi shi ke yanke wace tashar rediyo za ta sa shi, wane jerin waƙoƙi na Spotify zai shiga, da nawa za a biya shi a dandali. Ɗalibaina da ke jin Tems a wayoyinsu ba su damu da wannan ba, kuma ban ga laifinsu ba. Amma matashiyar da ke rera waƙa da Hausa ko Zabarmanci ko Faransanci a Yamai, wadda kiɗanta bai yi kama da na Legas ba, ita abin zai shafa: idan ’yar Legas mai Grammy biyu tana fama a yarda cewa R&B take yi, ita a wane rukuni za a saka ta?