Kafin ka sayi waya, fara tambayar ƙarfen sabis ɗin unguwarku

Wani ƙanena, ɗan ƙanwar mahaifiyata, ya yi noman rani bana a fadama. Ya sha rana, ya sha tsadar man injin ban-ruwa, Allah kuma Ya taimake shi shinkafa ta yi kyau. Yana sayar da shanshera, abu na farko da ya yi shi ne cika burin da ya shekara biyu yana ci masa rai: iPhone. Ya ga wata a shafin wani mai sayar da wayoyi na wani gari, hotuna tsaf, farashi ƙasa da na kasuwa. Ya tura kuɗi, aka ba direba saƙo, ya je tasha ya karɓo.

Da magariba sai ga shi a ƙofar gidanmu nan Badariya, fuska ba annuri.

"Yaya, duba min wagga waya. Ban ga inda aka sa sim ba."

Na juya ta gaba da baya, babu ramin sim ko ɗaya. Ta kasuwar Amurka ce, kuma tun daga iPhone 14, waɗanda ake sayarwa a Amurka ba sa zuwa da wurin sa kati, sai dai layin da ake saukewa a cikin wayar, wato eSIM. Na ce masa wannan ba matsala ba ce, gobe ya je ofishin kamfanin layinsa a mayar masa. Ya je. A can ne aka gano babbar cutar: wayar a kulle take da wani kamfanin sadarwa na Amurka, ba za ta karɓi layin kowa ba sai nasu. Ya kira mai wayar, sau biyu aka ɗauka, a na uku an toshe lambarsa.

Yau haka yake yawo da wayoyi biyu. Tsohuwar itel ɗinsa mai fasasshen gilashi ita ke kama sabis, ita ke ba wa sabuwar data ta hotspot. Kuɗin buhunan shinkafa sun koma madubi mai ɗaukar hoto.

Ban kawo labarinsa don a yi masa dariya ba, domin da yawanmu irin wannan cinikin birin a sama muke yi, sa'a ce kawai take raba mu. Idan za mu sayi waya, tambayoyinmu ba sa wuce uku: kyamara nawa gare ta, gig nawa ce, kuma ita ake yayi? Tambayar da ta fi su duka muhimmanci ba ma yin ta: shin wannan wayar za ta yi aiki da layin da nake da shi, a wurin da nake zaune? Ra'ayina a taƙaice shi ne, waya rabin kaya ce. Ɗaya rabin yana can saman ƙarfen sabis, kuma shi ba a sayar da shi a shago.

Yayyenmu sun riga mu koyon wannan darasi. A 2001 ne Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta yi gwanjon lasisin GSM, inda MTN da Econet, wanda bayan sauye-sauyen suna ya zama Airtel, suka biya dala miliyan 285 kowannensu. A lokacin layi kaɗai yana kai naira dubu 20 ko fiye, kira kuma naira 50 ne minti ɗaya, ko da sallama kawai ka yi ka kashe. Glo ya shigo a 2003 da lissafin daƙiƙa-daƙiƙa, Etisalat ya zo a 2008, daga baya ya koma 9mobile a 2017.

Amma a gefen waɗannan akwai wata fasahar dabam mai suna CDMA, wadda su Starcomms da Multi-Links da Zoom da Visafone suka yi amfani da ita. Kiransu ya fi araha, mutane da yawa a manyan garuruwa irin Kano sun rungume su. Sai dai wayar CDMA ba ta jin yaren GSM. Da yawansu ma lambar a jikin wayar take, ba ka da katin da za ka cire ka mayar wata. Ka bar garin da suke da ƙarfe, ka bar sabis. Da kamfanonin suka durƙushe ɗaya bayan ɗaya, har MTN ya saye Visafone a farkon 2016, wayoyin suka koma abin wasan yara, alhali lafiyarsu ƙalau. Ko a Amurka an yi haka: iPhone 4 da kamfanin Verizon ya fara sayarwa a 2011 ba ta da ramin sim don ta CDMA ce, kuma a ƙarshen 2022 kamfanin ya kashe wannan tsarin gaba ɗaya. Waya ba ta fin ƙarfin hanyar da take hawa.

Yanzu rigimar GSM da CDMA ta wuce, amma ta bar 'ya'ya uku da suke cinye mana kuɗi.

Na farko shi ne kulle, irin wanda ya kama ƙanena. A Amurka da wasu ƙasashe, kamfanin layi ne ke ba mutum waya ya riƙa biya wata-wata, shi ya sa yake kulle ta da layinsa har a gama biya. Irin waɗannan wayoyin suna shigowa kasuwanninmu cikin na hannu. Wasu kamfanin ya buɗe su da kansa, waɗannan ba su da illa. Wasu kuma wani ɗan siririn cif ake shimfiɗawa a ƙarƙashin sim don a yaudari wayar. Mai cif takan yi arha, amma ka sauya layi ko ka sabunta manhajarta, tana iya komawa gidan jiya. Wanda zai sayar maka ya sani. Idan ba ka tambaya ba, ba lallai ya faɗa ba.

Na biyu shi ne zango. Duk wanda ya tashi a gidan da ake sauraron labaran asuba ya san cewa rediyon da ba ta da gajeren zango ba za ta kamo tashar da ke watsa shiri a kan gajeren zango ba, komai tsadarta. Haka 4G yake. Kowane kamfani yana da zangon da aka ba shi lasisi a kai, kowace waya kuma tana da jerin waɗanda take iya kamawa. Lokacin da Glo ya fito da 4G ɗinsa a 2016 a kan zangon 700, mai lamba 28, mutane da yawa sun sa layin a wayoyinsu masu 4G suka ga shiru, saboda wayoyin ba su da wannan zangon. Abin da ya ja hankalin MTN ga Visafone ma shi ne zangon 800 da yake hannunsa. Dalili kuwa, zango mai ƙaramar lamba irin 700 da 800 yana tafiya nesa kuma yana ratsa bango, mai babbar lamba irin 2600 ya fi ɗaukar kaya amma ba ya nisa. A jiha irin tamu, inda ƙauye da ƙauye akwai tazara, kuma matasa da yawa a fadama suke yini, mai tafiya nesa shi ne abokin tafiya. Wayar da aka ƙera don kasuwar wata nahiya tana iya rasa ainihin zangon da kake buƙata, sai ka ga kai kana kan H+ abokinka da ke zaune kusa da kai, layinku ɗaya, yana kan 4G.

Na uku shi ne wanda ya fi ruɗar mu: 5G. A watan Disamban 2021 aka yi gwanjon zangonsa, MTN da Mafab suka biya dala miliyan 273.6 kowannensu. MTN ya fara aiki da shi a 2022 a birane bakwai: Legas, Abuja, Fatakwal, Ibadan, Kano, Owerri da Maiduguri. Airtel ya biyo baya a 2023. Zangon da suke amfani da shi na 3500 ne, ka ga kenan gudu gare shi amma gajeren numfashi. Shi ya sa ko a biranen da aka fara kai shi, unguwa-unguwa ne, wani lokaci ka sha kwana ya ɓace. Rubutun 5G da ke jikin kwali yana nufin wayar za ta iya, idan ta samu. Ba ya nufin ta zo da shi a cikinta. Na sha jin saurayi yana cewa ya sayi mai 5G don data ta daina yi masa wahala, alhali a ɗakinsa harafin E ne ke fitowa a saman waya, wato 2G, sabis ɗin zamanin kira da saƙon tes. Kamar ka sayi motar tsere ne ka kai ta hanyar gona da damina.

Na san abin da wasu za su ce. "Kuɗina ne, kuma gaba nake dubawa, 5G ɗin ai yana nan zuwa." Gaskiya ne kuɗinka ne. Idan kana da hali, ko kana yawan zuwa Abuja da Kano, ko sana'arka ta ɗaukar bidiyo ce da take buƙatar kyamara mai kyau, saya, Allah Ya sa alheri. Maganata da wanda sai ya sayar da tunkiya ko ya ci bashi ne. Shekara nawa waya take yi a hannun matashi kafin batir ya kumbura, gilashi ya fashe, ko a zare ta a gidan biki? Ƙarin kuɗin da za ka biya yau don abin da ba ka amfani da shi, da ka sa shi a batir mai ƙarko da ma'adana mai yawa, ko ka ajiye na data, ya fi maka. Mai sayar da atamfa a WhatsApp, da mai POS, da ɗalibin Waziri Umaru da ke neman cike fom kafin a rufe shafi, babu wanda 4G mai ƙarfi bai ishe shi ba. Matsalarsu ita ce samun sa a tsaye.

To me za a yi? Ba abu ne mai wahala ba, gani ya kori ji. Kafin ka biya, sa layinka a cikin wayar a gaban mai shago, ka kira, ka buɗe data, ka ga abin da ya fito a sama. Cire shi ka sa layin wani kamfanin, idan ta ƙi ko ka ga ana neman ɗaura mata cif, ka san inda aka dosa. Danna *#06# ka ga lambar IMEI, ka gwada ta da wadda ke jikin kwali. Rubuta ainihin lambar samfurin wayar a intanet ka duba zangunan da take kamawa, musamman 3 da 7 da 20 da 28. Idan mai layi biyu ce, tambaya ko duka biyun suna hawa 4G, don a wasu wayoyin na biyun a 2G yake zama. Karɓi rasit mai sunan shago. Kuma kafin duk wannan, tambayi maƙwabtanka wane layi ne ya fi ƙarfi a layinku. Wanda ya fi a Badariya ba lallai ya fi a Gesse ko Bayan Kara ba, balle ka kama hanyar Argungu ka wuce Ambursa, ko ka gangara bakin Matan Fada. Idan naka ne mai rauni, tun 2013 NCC ta ba da damar ka koma wani kamfanin da lambarka ba tare da ka sauya ta ba. Da yawanmu ba mu taɓa gwadawa ba.

Sai dai ba zan ɗora wa matasa laifin duka ba. A farkon 2025 NCC ta amince kamfanoni su ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin ɗari. Farashin gig ɗaya a Legas shi ne farashinsa a Augie da Kangiwa. Idan kuɗi ɗaya muke biya, muna da haƙƙin tambayar dalilin da ya sa wani yake kallon bidiyo ba yankewa, wani kuma sai ya hau tudu kafin kuɗin da aka turo masa su shigo. Kamfanoni suna da uzurinsu: dizal ɗin da ƙarafunan ke sha, wayoyin ƙarƙashin ƙasa da masu aikin hanya ke tsinkewa, ɓarayin batir da janareta. Wasu daga cikin waɗannan ma mu ne ya kamata mu tsare, don wanda ya sace batirin ƙarfen unguwa ya sace sabis ɗin uwarsa. Amma akwai asusu na musamman a ƙarƙashin NCC, USPF, wanda aka kafa don kai sadarwa yankunan da kamfanoni ba sa ganin riba. 'Yan majalisarmu na tarayya sun taɓa gaya mana nawa Kebbi ta samu daga ciki? Mu da muke kwana a Facebook da TikTok muna musu kan Tecno da iPhone, sau nawa muka tambaye su? Akwai kuma lambar 622, kyauta ce, ta kai ƙorafi ga NCC idan ka kai wa kamfaninka kuka bai share maka hawaye ba. Ƙorafin mutum ɗaya ana iya mantawa da shi, na unguwa guda a rubuce da rana da wuri yana da wuyar turewa.

Ƙanena dai ya sa tasa a kasuwa, kuma na yaba masa da abu ɗaya: duk wanda ya taya, yana gaya masa gaskiya cewa a kulle take. Asarar za ta yi yawa, ya sani. Jiya na tambaye shi wace zai saya idan ta fita.

"Wallahi Yaya, ko wace iri ce, sai na kai ta hwadama na gani tukuna."

Idan kunne ya ji, jiki ya tsira. Sai mun haɗu a mako mai zuwa.