Kowa Ya Ci Zomo Ya Ci Gudu: Darasi Daga Rayuwar Hubert Ogunde

Ina roƙon Edita ya ba ni ɗan fili a cikin wannan mujalla tamu in faɗi ra'ayina a kan wata magana da ta daɗe tana damuna. Sa'ad da muka fita gwajin koyarwa a zangon da ya wuce, an tura ni wata makarantar ƙauye, hedimasta ya ɗora mini shirya wasan kwaikwayo na Kirsimati. Akwai wata yarinya 'yar aji shida mai murya da kaifin ƙwaƙwalwa, na ce ita za ta fito a matsayin Maryamu. Saura kwana uku a yi wasa sai ga ubanta, ya gaishe ni da ladabi, ya ce, "Malam, karatu na kawo ta yi, ba rawa ba." Ya kama hannun 'yarsa suka tafi. Ƙarshenta dai wani yaro muka ɗaura wa kallabi, jama'a suka yi ta dariya a inda bai kamata a yi dariya ba.

Tun ran nan na ke tuna labarin Hubert Ogunde, wanda a ke kira uban wasan kwaikwayo na Nijeriya, gama ƙayar da ta soke ni sau ɗaya ita ce ta yi ta sukarsa shekara da shekaru.

An haifi Ogunde a 1916 a Ososa, kusa da Ijebu-Ode, a ƙasar Yarabawa. Ubansa ma'aikacin majami'a ne, kakansa na wajen uwa kuwa bokan Ifa ne. Bayan da ya manyanta ya sha ba da labarin yadda ya tashi tsakanin waƙoƙin majami'a da kiɗan gidan kakansa, ya kuma ce daga su biyun ya sha. Abin da ya kamata mu lura da shi, 'yan'uwa, shi ne mutumin nan da alli ya fara, kamar mu. Ya yi aikin malanta, yana kuma bi da mawaƙan majami'a, kafin ya shiga aikin ɗan sanda a 1941. A 1944 ya shirya wasansa na fari, The Garden of Eden and the Throne of God, domin wata majami'a a Ikko. Aka nuna shi a zauren Glover, Dokta Nnamdi Azikiwe ne shugaban taro. Da ya ga yadda mutane suka karɓa, bai daɗe ba ya tuɓe kaki ya kafa ƙungiyarsa, ya mai da wasa sana'ar da zai ci abinci da ita.

Kada wani ya zaci wasan yara ya ke yi. A 1945 ma'aikatan ƙasar nan suka yi yajin aiki fiye da kwana 40, sai ya shirya Strike and Hunger a kan wannan. Da ya kai shi Jos a 1946 hukuma ta hana, aka kuma ci shi tara. A 1949 'yan sanda suka harbe masu haƙar kwal 21 a Inugu, ya shirya Bread and Bullet, shi ma da ya kai shi Kano aka hana. Bayan mulkin kai ma bai huta ba. A 1964 ya fito da Yoruba Ronu, watau "Yarabawa ku yi tunani," gwamnatin Firimiya Akintola ta hana shi wasa a Jihar Yamma duka, sai a 1966 bayan juyin mulki aka ɗage. A 1967 ya wakilci Nijeriya a babban baje kolin duniya a Montiriyal ta ƙasar Kanada. Da zamani ya juya ya koma sinima, ya fitar da Aiye a 1979. Ya rasu a Landan ran 4 ga Afrilu 1990, bayan ya fito a fim ɗin Mister Johnson wanda aka ɗauka a wajejen Jos. To, ga suna, ga ɗaukaka, ba mai musu.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai cikin labaran da ya bayar da tsufansa shi ne zancen iyali. Ogunde ya auri mata fiye da goma, yawancinsu kuwa 'yan wasansa ne. Bai ɓoye dalili ba. A zamanin da ya fara, iyaye ba su yarda 'yarsu ta hau dandali, don a ganinsu wannan aikin marasa mafaɗi ne. Wadda aka samu da ƙyar kuma, da zarar an koya mata rawa da waƙa ta gwanance, sai miji ya zo ya ɗauke ta, a koma neman wata. Dabarar da ya ga za ta fisshe shi ita ce ya aure su, gida da ƙungiya su zama abu guda. Haka suka yi ta yawo gari gari a cikin mota, su da ganguna da tufafin wasa, 'ya'ya kuma suka tashi a cikin sana'ar.

Hanya kuwa ba ta bar shi haka ba. A 1970 matarsa Adesewa, wadda a ke kira Mama Eko, tauraruwar ƙungiyar, wadda suka je Ingila tare a 1947 suka koyi rawar Turawa, ta rasu a haɗarin mota a kan hanyarsu ta zuwa wasa. Rana ɗaya ya rasa mata, ya rasa babbar 'yar wasa. Daga baya ya shirya wasa mai suna Ayanmo, watau ƙaddara, don tunawa da ita. Mai kallo ya biya kuɗin ƙofa ya yi tafi ya koma gida ya yi barci, bai san abin da aka biya kafin a buɗe labule ba.

Ni da na tashi a Mishan, mace ɗaya aka koya mini. 'Yan'uwana Musulmi kuwa huɗu ce iyakarsu. Ogunde ya wuce mu duka, ba kuwa zan ce ya kyauta ba. Amma kafin mu nuna shi da yatsa, sai mu tambayi kanmu, wa ya toshe sauran hanyoyin? Yarinyar da Allah ya ba baiwar wasa a lokacin nan, in tana so ta yi sana'arta da mutuncinta, ƙofa ɗaya ce a buɗe, watau ta zama matar mai ƙungiya. A ƙasar Hausa har yanzu mu na ganin ɗan'uwan wannan abu ta bayansa: 'yan wasa mata da yawa a finafinan Kano, da an ɗaura musu aure sai su bar fitowa. Can aure ya riƙe mace a dandali, nan aure ya sauko da ita, amma tushen ɗaya ne. Mu na son wasa, mu na raina mai yinsa, kamar yadda mu ke yi wa makaɗi kari ran biki, sa'an nan mu hana shi auren 'yarmu.

Na san wani zai ce uban yarinyar nan yana da gaskiya, sana'ar yawo da dare tana da haɗari ga tarbiyya. Ban ƙi ba, mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo. Sai dai ina ganin rainin da mu ke yi shi ke ƙara haɗarin. Sana'ar da mutanen kirki suka guje wa, wa zai tsare mutuncin masu yinta? Aikin jinya ma an taɓa ƙyamarsa ga 'ya'ya mata a wurare da yawa, sai da aka yi masa makaranta da ƙa'ida da albashi kana iyaye suka saki jiki.

Saboda haka ga shawarata gare mu, malaman gobe. Na ɗaya, kada mu ɗauki ƙungiyar wasan kwaikwayo ta kwalejin nan abin cika lokaci, gama yaron da ya iya tsayawa gaban jama'a ya yi magana ya sami rabin abin da makaranta ke bayarwa. Na biyu, in za mu sa yarinya a wasa, mu fara zuwa gidansu mu gai da iyaye, mu gaya musu abin da za ta faɗa da lokacin da za ta komo, mu kuma gayyace su kallo. Ni ban yi haka ba, laifina ke nan, na kuwa gani a ƙwaryata. Na uku, in ɗalibi ya ce mana yana so ya zama ɗan wasa, kada mu yi masa dariya, kada kuma mu ruɗe shi. Mu ba shi labarin Ogunde duka, da zauren Glover, da tarar Jos, da motar 1970, ya zaɓa idonsa a buɗe.

Ina fata waɗanda ba su yarda da ni ba, musamman 'yan'uwanmu mata, za su ba da amsa a fitowa ta gaba. Allah ya sa mu zama malamai masu amfani ga ƙasarmu, amin.