Lambar Da Ta Gagari Rabo: A Daina Yi Mata Ƙaryar Amfani



A watan Oktoban 2024, wani Ba'amurke mai suna Luke Durant, tsohon ma'aikacin NVIDIA, ya gano lamba mafi girma da aka sani a lokacin cikin lambobi marasa rabuwa, wato waɗanda ba sa rabuwa daidai sai da 1 da su kansu, irin su 3, 7 da 31. Ga yadda ake samunta: a jera 2 har sau 136,279,841, a ninka su da juna, a cire 1. Tana da alƙaluma 41,024,320. Mai karanta alƙalami ɗaya kowace daƙiƙa, ba barci ba hutu, sai ya haura kwana 470 bai gama ba.

Da an tambayi amfaninta, sai wasu su ce ai da ita ake tsare asusun banki. Ba gaskiya ba ne. Lambobin da ake kulle sirri da su a intanet alƙalumansu ɗaruruwa ne kawai, kuma ɓoye su ake yi. Wannan kuwa duniya ta san ta. Makullin da ke hannun kowa ai ba ya tsare ɗaki.

A ganina, darajarta tana cikin yadda aka tabbatar da ita. Siffa kaɗai ba hujja ba ce: 2 sau 11 a cire 1 ya ba da 2047, amma 2047 ita ce 23 × 89. Gwada rabawa ɗaya bayan ɗaya kuma ba zai ƙare ba. Sai aka bi hanyar Lucas da Lehmer: fara da 4, ninka ta da kanta, cire 2, riƙe ragowar rabawa, ka maimaita. Gwada da 31, wato 2 sau 5 a cire 1. Daga 4 sai 14, sai 194 wanda ragowarsa 8, sai 62. Tunda 31 ta raba 62 ba ragowa, magana ta ƙare. Wannan ƙa'idar ce kwamfuta ta maimaita sau miliyoyi.

Mai cewa ɓata wuta ne da kuɗi yana da abin faɗa, domin lambar ba ta ciyar da kowa. Sai dai manhajar wannan farauta, Prime95, ita ta tona wani lahani a na'urorin Skylake na Intel a 2016. Kuma har yau ba wanda ya tabbatar ko irin waɗannan lambobi, da ake kira na Mersenne, suna da iyaka. Ta Durant ita ce ta 52 da aka gano.

Don haka idan yaro ya tambaye ka amfaninta, kada ka kawo masa zancen banki. Ba shi takarda da biro, ka ce ya gwada 127 ya ga ko za ta rabu.

Sai mako mai zuwa.