Kaledoni: sun cika tsibiri da bindiga, sun dawo suna zargin TikTok



A watan Mayu na 2024 wuta ta kama a Nubel Kaledoni, tsibirin nan da Faransa ke riƙe da shi can cikin tekun Pasifik, gabas da Ostareliya, kilomita wajen 17,000 daga Paris. Kafin ƙura ta lafa mutum 14 sun rasa rayukansu. Biyu jandarmomi ne, mafi yawan sauran kuwa Kanak ne, wato 'yan asalin tsibirin. An ƙone kantuna da masana'antu da lakwal-lakwal, asarar ta haura miliyar 2 na kuɗin euro, sama da miliyar 1,300 ke nan na sefa. To me hukumomin Paris suka ce? Ministan cikin gida na lokacin, Gérald Darmanin, ya nuna ƙasar Azarbaijan da yatsa, wai ita ke zuga mutane. Aka rufe TikTok, aka kafa dokar ta-ɓaci, aka hana sayar da giya da makamai.

Mu kam tambayarmu ɗaya ce: bindigogin da aka yi kisan da su, Azarbaijan ce ta kawo su? A'a. Bindigar tsibirin nan, mafi yawanta a kanti aka saye ta, da rana tsaka, da rasit, ƙarƙashin dokar da Paris ta sa wa hannu da kanta.

Ku ji lissafin. Ƙidayar 2019 ta ce mutanen tsibirin 271,000 ne da ɗoriya, kuma Kanak su ne kashi 41 cikin 100. Bindigogin farauta da na wasan harbi da hukuma ta san da zamansu sun kai wajen 64,000. In an haɗa da waɗanda ba a rubuta ba, hukumar da kanta tana ƙiyasin sun kai 100,000. Ke nan kusan kowane mutum uku akwai bindiga guda, har da jarirai da tsofaffi a cikin lissafin. Wannan ba daga sama ya faɗo ba. Yana da tarihi, kuma tarihin ne ba su son a tono.

Faransa ta kafa tutarta a tsibirin ranar 24 ga Satumba 1853, zamanin Napoleon na Uku. Daga 1864 ta mai da shi gidan kaso, tana jigilar fursunoni daga ƙasarta, har da 'yan Aljeriya da suka yi mata tawaye a 1871. Wanda ya gama wa'adinsa a ba shi gona. Gonar wa? Ta Kanak. Shanun Nasara suka riƙa shiga gonakin doya da gwaza suna cinyewa. A 1878 wani sarki mai suna Ataï ya ce ya isa, ya tashi da mutanensa, akasarinsu da mashi da kulki da majajjawa, suka fuskanci soja masu bindiga. An kashe Turawa wajen 200, Kanak wajen 1,000. Shi Ataï an kashe shi ranar 1 ga Satumba 1878, aka sare kansa aka aika Paris, aka ajiye cikin kayan kallo na masana. Sai a 2014 aka maida wa zuriyarsa ƙoƙon kan. Shekara 136, jama'a.

Bayan nan, a 1887, aka ɗora musu dokar andijena. Wannan doka kakanninmu ma sun sha ta a nan, su ma kwamandan bariki na iya ɗaure su ko ya ci su tara ba tare da alƙali ba, har zuwa 1946. A Kaledoni cikin laifuffukan da aka jera akwai fita daga yankinka ba izini, akwai kuma ɗaukar makamin gargajiya a wurin da Turawa ke zaune. Ku lura da kyau: mashin ɗan ƙasa laifi ne, bindigar baƙon da ya karɓe masa gona kuwa kayan aiki ce. Aka tattara Kanak cikin 'yan yankunan da ba su kai kashi 10 cikin 100 na babban tsibirin ba. Tun daga ranar, dokar makami a Kaledoni tambaya ɗaya take amsawa: wa hukuma ke tsoro, wa kuma take so a ji tsoronsa?

Sai shekarun 1984 zuwa 1988, lokacin da Kanak suka tashi neman 'yanci ƙarƙashin ƙawancen FLNKS. A Nuwamba 1984 Éloi Machoro ya fasa akwatin zaɓe da gatari a Canala, sannan shi da mutanensa suka riƙe garin Thio, suna bi gida-gida suna karɓe bindigogin Turawa. Ranar 5 ga Disamba 1984, kusa da Hienghène, wasu masu gonaki suka tare hanya da itace, suka yi kwanton ɓauna, suka buɗe wuta kan motoci biyu na Kanak da ke komawa gida daga taro. Mutum 10 suka mutu, biyu ƙannen jagoran FLNKS ne, Jean-Marie Tjibaou. Mutum bakwai aka kama, kuma ba su musanta ba. A Oktoba 1987 kotun Numeya ta sallame su duka, wai kare kai suka yi. Cikin masu taya alƙali yanke hukuncin babu Kanak ko guda. Shi kuwa Machoro, tun ranar 12 ga Janairu 1985 jandarmomi suka harbe shi, ba a kai shi gaban kowace kotu ba. Wanda ya kwanta a daji ya jira mutane ya kashe 10, an ce kare kai. Wanda ya karɓe bindigogi, an ba shi harsashi.

Ba za mu ɓoye ɗaya gefen ba, don gaskiya ba ta da dangi. Ranar 22 ga Afrilu 1988 'yan neman 'yanci suka afka wa barikin jandarma na tsibirin Ouvéa, suka kashe jandarma 4, suka yi garkuwa da 27. Ranar 5 ga Mayu sojan Faransa suka kutsa kogon da aka ɓoye wasunsu, Kanak 19 da soja 2 suka mutu. Jinin ya yi yawa har ya sa Tjibaou da Jacques Lafleur, jagoran masu son zama da Faransa, suka yi musabaha a yarjejeniyar Matignon a Yuni 1988. Shekara ba ta cika ba, ranar 4 ga Mayu 1989, aka harbe Tjibaou da mataimakinsa Yeiwéné Yeiwéné a Ouvéa. Wanda ya harbe su Kanak ne ɗan'uwansu, da ke ganin sun sayar da gwagwarmaya. Bindigar da aka ɗauko don abokin gaba, ga inda ta ƙare.

A waɗancan shekarun dokar makamai a tsibirin tana da tsauri. Sai da izinin hukuma ake sayen bindiga, harsashi ma a ƙidaye ake ba mutum. An samu zaman lafiya, aka sa hannu kan yarjejeniyar Numeya a 1998, wadda ta ce daga 2014 za a iya shirya zaɓen raba gardama kan 'yancin kai. Kowa ya san wannan rana tana tafe. Kowa ya san rabin gari na son Faransa ta tafi, rabi na son ta zauna. To a daidai wannan gaɓa ne Paris ta fitar da wata doka a 2009, ta fara aiki a 2011, wadda ta sassauta komai. Katin shaida da permin farauta sun wadatar, ka shiga kanti ka fito da bindiga, aka kuma cire ƙa'idar harsashi. Ciniki ya buɗe, mutane suka yi ta saye suna tarawa. Da hukuma ta farga, a 2015 aka yi yunƙurin sa iyaka ga yawan bindigar da mutum guda zai mallaka. Mafarauta da 'yan siyasar tsibirin suka yi ca, maganar ta kwanta.

Wallahi ko yaro ya san ba a ajiye garwashi kusa da rumbu a lokacin hunturu. Zaɓen 2018 masu cewa a zauna da Faransa suka samu kashi 56.7. A 2020 suka sauko 53.3. Na uku, a Disamba 2021, Kanak suka roƙi a ɗage saboda suna zaman makokin waɗanda korona ta kashe, Paris ta ƙi, suka ƙaurace. Sai a Mayu 2024 majalisar dokokin Faransa ta amince a buɗe rajistar zaɓen larduna ga wanda ya shekara 10 a tsibirin, abin da Kanak ke ganin zai mai da su 'yan tsiraru har abada a ƙasar kakanninsu. Ranar 13 ga wata gari ya kama. Matasa suka datse hanyoyi, mazauna unguwannin masu hali su ma suka kafa nasu shingaye, wasu da bindiga a hannu. Kanak na farko da suka faɗi, ba soja ne ya harbe su ba, farar hula ne. Jandarma na farko da ya mutu, saurayi ɗan shekara 22, shi ma harbi ne. Bindigar kanti ta yi aiki ta kowane gefe.

Masu kare dokar 2011 suna da hujja biyu, bari mu auna su.

Ta farko, wai farauta al'ada ce. Gaskiya ne. Tun 1870 aka kawo wata irin barewa daga Java, ta hayayyafa har ta zama annoba ga daji da gonaki, kuma iyalai da yawa, Kanak da Turawa, da namanta suke miya. Ba mu ce a hana maharbi sana'arsa ba. Amma ai kafin 2011 ma ana farauta, ana cin nama, da izini da ƙidayar harsashi. Barewar ba ta ƙaru da rana ɗaya ba. Kuma don Allah, mutumin da ke zaune tsakiyar Numeya ya jera bindiga biyar cikin ɗaki, wace barewa yake jira a bakin titi?

Ta biyu, wai mutum na da haƙƙin kare gidansa. Wannan kalma ta kare kai mun ji ta a Hienghène, mun ga abin da aka wanke da ita. A ƙasar da mutane ba su yarda da juna kan wa ke da gona, wa ke da ƙuri'a ba, kowa mai kare kai ne a idon kansa, kuma ɗan ta'adda a idon maƙwabcinsa. Kai ka sayi guda don ka ji an ce maƙwabci ya saya, shi ya ƙara biyu don ya ga taka. Ranar da aka yi saɓani, maganar da dā za ta ƙare da zagi da jifa sai ta ƙare a maƙabarta.

Shi ya sa muke cewa laifin farko na hukumar Faransa ne. Tsaro da dokar makamai suna hannun Paris har gobe, yarjejeniyar Numeya ba ta miƙa wa tsibirin su ba. Ita ta hana ɗan ƙasa mashi a 1887, ita ta buɗe kantin bindiga a 2011, ita ta tura dokar zaɓen da ta kunna wutar a 2024. Da abin ya ɓaci sai ta kwashi jagororin Kanak irin su Christian Tein ta kai su kurkuku a Faransa, kamar yadda aka yi wa 'yan Aljeriya bayan tawayen 1871, hanyar ce kawai aka juya. Wanda ya sa wa dokar bindiga hannu kuwa, ba wanda ya tambaye shi ko kalma.

Me ya sa muka ɗauko labarin tsibiri mai nisa haka? Saboda a cikin saƙonnin da kuke aiko mana, maganar da ta fi yawa kwanan nan ita ce: a bar kowa ya riƙe bindiga, a ga ko ɓarayin daji za su ƙara zuwa. Mun san daga inda maganar ke fitowa. Mutumin Madarumfa ko Gidan Rumji da aka kore masa shanu, aka ɗauke masa mata ko ɗa aka ce ya kawo miliyoyi, ba mai bakin da zai ce masa ya yi haƙuri kawai. Haƙƙinsa ne hukuma ta tsare shi, kuma haƙƙinmu ne mu yi ta faɗa a rediyo har a ji. Amma ku dubi Kaledoni da idon basira. Can akwai rajista, akwai permi, akwai jandarmomi da kotuna da kuɗin Faransa, duk da haka hukuma ta kasa sanin inda dubban bindigogi suke. Mu nan da wace takarda za mu bi sawunsu? Kuma mu ma muna da tsofaffin rigingimun da ba a kashe ba, na gona da burtali da rijiya. Mutanen jihar Maraɗi ba su manta Toda ba, inda rikicin manoma da makiyaya ya ci rai sama da 100 a 1991. Ku ɗora bindiga a kowane gida kan irin wannan, ku gaya mana wa zai kwana.

Ɓarawon daji zai tafi wata rana, in sha Allah. Bindigar da aka saya dominsa ba za ta bi shi ba, tana nan ƙarƙashin gado tana jiran rikicin gado, rikicin iyakar gona, ko zaɓe. Mutanen Kaledoni sun sayi tasu don barewa.

Abin da ya kamata mu nema da babbar murya shi ne jami'an tsaro a kan iyaka da cikin ƙauyuka, masu zuwa lokacin da aka kira su, da shari'ar da ba ta duba ƙabilar mai laifi. Wanda bai yarda da mu ba, fili a buɗe yake, ya kawo hujjarsa, za mu karanta ta a shirinmu yadda ya rubuto ta.

Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu can da nan, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Amin.