Bashi Ba Ya Tsufa, Mai Bi Ne Ke Tsufa

'Yan'uwana mata, yau za mu leƙa Amurka, domin akwai darasi a can.

A shekarar 2009, da tattalin arziki ya karye, Shugaba Obama ya sa hannu a kan dokar kashe dala miliyan dubu 787 don a farfaɗo da ƙasa. Wajen kashi ɗaya cikin uku rangwamen haraji ne, inda aka sauƙaƙa wa ma'aikaci har dala 400 a shekara. A cikin dokar kuma aka ware dala miliyan 198 domin tsofaffin sojojin ƙasar Filifin. Nan wasu 'yan majalisa suka ce wannan ba zai samar wa kowa aiki ba, me ya kawo shi ciki?

To, ga asalin maganar. A 1941 Filifin tana ƙarƙashin Amurka, sai Shugaba Roosevelt ya kira sojojinta su yi yaƙi a ƙarƙashin tutar Amurka. Fiye da mutum 200,000 suka amsa, suka gwabza da Japan, abokiyar gabar da kakanninmu suka yaƙa a Bama. Amma da aka ci nasara, sai majalisa ta yi doka a 1946 ta soke yawancin hakkokinsu. Bayan shekara 63 aka ba wanda ya zama ɗan Amurka dala 15,000, wanda bai zama ba dala 9,000, sau ɗaya tak, alhali kuwa galibinsu sun riga mu gidan gaskiya.

A ganinmu masu sukar suna da 'yar gaskiya, domin wannan kuɗi ba na farfaɗo da kasuwa ba ne. Bashi ne, kuma abin kunya ne a ce sai da aka cusa shi cikin wata doka kafin a biya.

Abin da ya fi ci mana rai shi ne matan mamatan. Wadda mijinta ya rasu kafin ya nemi kuɗin ba ta sami ko anini ba, bayan ita ce ta yi jinyarsa, ta riƙe 'ya'yansa. Ashe jinkirin gwamnati a kan mace yake ƙarewa.

Saboda haka duk gwamnatin da za ta raba kuɗi, ta fara da waɗanda ke binta bashi, kuma ta sa matansu cikin lissafi. Alkawari kaya ne. Allah Ya ba shugabanni ikon saukewa, amin.