Mai riƙe fitila ma ma'aikaci ne

Ranar 12 ga Maris 2020 aka tabbatar da korona ta shigo Gabon. Aka rufe makarantu, a watan Afrilu kuma aka kulle Libreville da kewayenta. Ni malamin makaranta ne. Na zauna gida, amma albashina bai tsaya ba. Maƙwabcina kuwa, saurayi mai riƙe fitila wajen ɗaukar fim, wanda ke haɗawa da bidiyon biki da suna, ranar da aka hana taro ranar tukunyarsa ta sauka.

Yana bin wani mai shirya fim kuɗin aikin kwana tara, ba takarda, ba shaida. Da ya kira shi, sai ya ce, "Ka yi haƙuri, ƙanena, kowa ta kansa yake yi." Ƙarshenta kyamararsa ya kai kasuwar Mont-Bouët ya sayar don biyan haya. Yau tasi yake tuƙawa.

Mu faɗi gaskiya, korona ba ita ta kawo wannan ciwo ba, tona shi ta yi. Ƙasar nan tana da hukumar fim tun 1975, wadda yanzu ake kira IGIS, kuma fim ɗin Dôlè na Imunga Ivanga ya ciyo babbar kyautar Carthage a 2000. Amma mai kwalliya, mai ɗaukar sauti da mai jan waya, yawancinsu aikin yini suke yi, sunansu ba ya cikin rajistar CNSS. A Kano ma da aka kulle gari, manyan Kannywood sun samu mafaka a YouTube da shirye-shirye irin su Izzar So. Yaran da ake sallama kullum da yamma fa?

Za a ce harkar ba kuɗi, takarda za ta ƙara wa mai shiryawa nauyi. Na yarda kuɗin kaɗan ne. To amma rubuta suna, kwanakin aiki da ladan yini a shafi ɗaya nawa zai ci? Aya mafi tsawo a Alƙur'ani ma kan rubuta bashi ta sauka.

Shawarata biyu ce. Kada a kunna kyamara sai an sa hannu. Su kuma ma'aikatan su kafa asusu, kowa ya riƙa zuba wani abu duk ranar da ya yi aiki, kamar yadda iyayenmu mata ke adashi. Ɗalibaina da dama fim suke mafarkin yi, kuma ina so in ce musu su shiga ba tare da gabana ya faɗi ba.